Shekarar da aka kai Baba Cadi

Jiya na ga maƙwabcinmu ya jera tsofaffin baturan rediyo a kan katanga domin rana ta ɗan farfaɗo da su, sai na tsaya da tulu a kai na kasa wucewa. Haka kakana yake yi a gidanmu na Karare, shekarar da aka tura mahaifina Cadi.

Baba soja ne, ɗan fari a gidan. Ina da kamar shekara tara aka ce an kwashe su zuwa raba faɗa. Ni faɗan da na sani na makiyayi da mai gona ne, wanda dattawa ke kashewa a gindin tsamiya. Na tambayi kakana me 'yan Cadi ke rigima a kai. Ya ce, "Su ma ba su gama sani ba, jikalle. Amurka na ba wannan makami, Rasha na ba mai goyon wancan. Masu kayan kuwa suna gida suna shan shayi."

Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a zaure ya kunna rediyo. Tashar ƙasashen Yamma ta ce waɗannan ne suka fara, ya murɗa zuwa ta Gabas ta ce ƙarya ne, duk da Hausa mai daɗi. Ba wadda ta taɓa cewa komai game da ɗansa. Kakata kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Amma na lura da zarar an ambaci Cadi, taɓaryarta takan tsaya a cikin turmi.

Ana cikin cirar gyaɗa, wani mutum ya zo a babur daga Safana, ya miƙa takarda mai hatimi ya juya. Da Turanci aka rubuta ta. Kakana yana karanta Larabci da ajami kamar ruwa, amma wannan ta fi ƙarfinsa, malamin firamare kuma ya yi tafiya. Aka sa ta cikin gafaka.

Kwana biyu takardar nan tana rataye a zaure. Ba ka san nauyin takarda ba sai ka zauna da irin wannan. Innata ta zuba gishiri sau biyu a miya. Mata suka riƙa shigowa suna gaisuwa ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta kai ta'aziyya ba amma ta kusa. Na ji wata gwaggo tana tambayar ko akwai farin yadi a gidan.

Rana ta uku kakana ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Batsari da takardar, neman mai karanta ta. Muka wuni ido a hanya. Wajen azahar muka hango shi, yana tafe a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai. Sai da ya sauka ya sha ruwa sannan ya dubi Inna ya ce, "Yana da rai. Motarsu ta taka nakiya. Yana asibiti a Maiduguri."

Kakata ta ce, "Yaron nan dai?" Ta shiga ɗaki ta ja asabari. Ranar na fara jin kukanta.

Baba ya dawo da rani, yana ɗingishi, kunnensa na hagu ya mutu. Su bakwai ne a motar, uku suka fita. Bai cika ba da labari ba. Sau ɗaya kawai na ji yana gaya wa kawuna cewa ya ga ƙauyen da babu ko rijiya, amma kowane saurayi na da bindigar da ta fi shanun ubansa tsada. Ya ce, "In an gama, ina za su kai su? Ai ba ruɓewa suke ba."

Yanzu manyan ƙasashen nan sun daɗe da canza magana, wata ma ta wargaje. Ni kuma ina zaune a Batsari, a ɗakin haya, don mun baro Karare shekara huɗu ke nan. Gonarmu ta wajen Ruma ta koma daji, ba mai iya zuwa. Baba ya tsufa, yana tare da mu. Ranar da muka gudo, ana harbi daga bakin daji, na ga ya juya kunnensa mai ji yana saurare. Na ce, "Baba, mu tafi mana!" Ya kama hannuna ya ce, "Na san muryar wannan bindigar. Ashe tafiya take ta yi, sai yau ta iso."