Sarar Depite a Gonar Muntari

Muntari manomi ne a wani ƙauye yamma da Tirmini. Bai cika magana ba, kuma idan mutum ya yi masa alkawari, hannunsa yake kallo, ba bakinsa ba. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: gonarsa cike take da gawo.

A wancan zamani duk itacen da ya girma a gona na gwamnati ne. Ka sare reshe ka ba dabbarka, ma'aikacin gandun daji ya ga farar sara, ya ci ka tara ko ya tafi da gatarinka. Shi ya sa manoma ke tumɓuke duk wani toho lokacin sharar gona. Muntari ya ƙi. Idan ya sari reshe, sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, sabuwar sara ta koma kamar ta bara.

Da shekarar fari ta zo, damina ta ɗauke tun hatsi bai yi ciki ba. A ƙauyen kaf, ƙarƙashin gawon Muntari kawai aka ga zangarniya. Shanunsa sun mutu kamar na kowa, saura awaki uku, kuma da nononsu matarsa Kulu ke dama wa yara fura. Ganyen gawo ne abincin awakin har ruwa ya dawo. In aka hana shi sara, awakin sun tafi.

Maƙwabcinsa Suma'ila, mai son zuwa birni, ya tara dattawa suka je Damagaram wurin depite, wakilinsu a majalisar Yamai. Buƙatarsu ita ce itacen da mutum ya rena a gonarsa ya zama nasa. Depite ya ce sai ya gani da idonsa.

"Gonarka za mu nuna masa," in ji Suma'ila.

"Ku nuna masa taka."

"Tawa ai ko kara babu."

"To ni da nake ɓoye sara da laka, za ka kawo min hukuma har gindin itace? Suma'ila, kai dai in ka ga mota hankalinka ya tafi."

Kulu ce ta ce masa, "Maigida, da kai da babu kai za su je. Gara kana tsaye a wurin."

Ranar zuwansa, mota ta tsaya bakin gona. Depite ya fito da farar riga, bayansa kuma ga ma'aikacin gandun daji da kakinsa. Muntari ya dubi Suma'ila, Suma'ila ya dubi ƙasa.

Depite ya yi magana mai daɗi. Ya ce gawo uwar gona ne, zai kai kukansu Yamai, kuma daga yau a wurinsa itacen nan na Muntari ne. Yana magana, ma'aikacin na zagaya itatuwa yana kankare laka da farce.

Muntari ya sauke gatari daga kafaɗa, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, tunda nawa ne, awakina ba su ci komai ba tun safe. A sare musu reshe ɗaya da hannu mai albarka."

Depite ya kalli ma'aikacin, ya kalli jama'a, ya yi 'yar dariya. Ba hanyar ƙi. Ya naɗe hannun riga ya yi ta dukan wani reshe na ƙasa, ƙaya ta yage masa riga kafin reshen ya faɗo. Aka yi tafi. Muntari bai yi ba, ya ja reshen ya kai wa awaki.

Wannan sarar bai shafa mata laka ba. Ya bar ta fara fat, ana hango ta daga hanya.

Bayan kasuwa biyu ma'aikacin ya dawo shi kaɗai, ya nuna sababbin sara.

"Wa ya ba ka izini?"

"Wanda ya yi waccan. Ka fara da shi, ni ina nan ba inda za ni."

Ma'aikacin ya daɗe yana kallon farar sarar, ya hau dokinsa ya tafi.

Daga Yamai kuwa ba a ji komai ba. Suma'ila ya yi ta sintiri birni, kullum a ce depite yana taro. Muntari bai taɓa tambaya ba. Ya ci gaba da sara, awakin suka kai bazara da ransu.

A bazarar ne rediyo ya ce soja sun karɓi mulki, an rushe majalisa, babu sauran depite. Mutane suka taru gindin rediyon mai gari suna ta muhawara. Muntari ya saurara kaɗan, ya miƙe.

"Ina za ka ana magana?" in ji Suma'ila.

"Gona."

Ya biya gida ya ce wa Kulu ta ba shi tsohuwar ƙwarya da ruwa kaɗan. Ya kwaɓa laka da kashin shanu, ya shafe sarar depite har ta yi baƙi kamar sauran.