Gidan da Jamilu Ya Haɗe

Shagona na gyaran waya yana jikin na Jamilu a Batsari, bango ɗaya ya raba mu, don haka ba wanda zai gaya mini halinsa. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. Zane yake yi a kwamfuta, tambarin makaranta, sitikar babur, allon shago. In ya jera da'ira da murabba'i suka hau juna, sai ya haɗe su su zama abu ɗaya, layukan ciki su ɓace, ya zagaye gefen da layi guda sumul. Ya ce injin yankan sitika duk layin da ya gani sai ya bi shi da wuƙa. Hannunsa ya saba har ba ya tunani.

A Yasore aka haife shi. Mahaifiyarsa Hansai ta rasu yana goye, gwaggonsa ta ɗauke shi riƙo zuwa Safana, can ya girma. Bai san cikin gidansu na Yasore ba sai zaure, ranar Sallah.

Shekarar da 'yan bindiga suka ƙone unguwarsu ta Yasore, mahaifinsa Malam Sada ya dawo wurinsa da buta da sanda kawai. Tsohon ya riga ya fara rikicewa. Wata rana da hankalinsa ya dawo, Jamilu ya zaunar da shi gaban kwamfuta.

"Baba, nuna mini yadda gidan yake. Ina ɗakin Inna?"

Tsohon yana nuni da yatsa, Jamilu yana ajiye da'irori. Nan rumbu, nan turke, nan ɗakin da aka haife ka. Ina tsaye a ƙofa, wallahi ban taɓa jin Malam Sada ya yi magana mai tsawo haka ba.

Ana cikin haka wani mai kemis ya shigo yana faɗa a kan aikin allon shagonsa. Jamilu, hankalinsa rabe, ya yi abin da ya saba. Ya haɗe komai, ya zagaye, ya adana, ya rufe.

Da ya buga takardar washegari, tsohon ya juya ta sama da ƙasa.

"Wannan ai fili ne, Jamilu. Ina ɗakunan?"

"Zan mayar, Baba. Sake nuna mini."

Malam Sada ya daɗe yana kallon farin da ke cikin layin. Sannan ya tambaya ko an ba akuya ruwa. Hankalin bai sake dawowa ba har ya rasu da kaka.

Na yi wa Jamilu faɗa, na ce kai da ka ji da kunnenka, ka tuna mana. Ya ce da'irori tara ne, ya san guda na Inna ne, kusa da rumbu, amma rumbunan uku ne.

Har yau in mutumin Yasore ya shigo ranar kasuwa, sai Jamilu ya ajiye aikin kowa ya buɗe zanen, ya tambayi inda ɗakin Inna yake. Wani ya ce gabas, wani ya ce a'a, wajen turke. Ya sa da'irar inda aka ce, ya yi godiya, in sun tafi ya goge. Abin yana ci mini rai, shi ya sa ranar kasuwa nake ƙure muryar rediyona.