Gilasai Ashirin da Huɗu a Kan Faifai

Gidanmu na Wurno gidan shanya ne. Tun da na buɗe ido nike ganin Inna da faifai a hannu: kuɓewa, tattasai, geron da anka wanke, har littattafaina na makaranta in ruwa ya taɓa su. Duk abin da ya jiƙe a gidan nan, rana ce maganinsa. Na san haka sarai, amma nan na kwashi aikin shekara bakwai na kai na ajiye.

Digiri na uku nike yi, a kan albasa. Mutane na dariya in na faɗa, su dai yi ta yi. Ni na girma ina ganin Baba yana buɗe rudu, rumbun nan na kara da ake ajiye albasa, ya tarar rabinta ta zama ruwa. Abin da nike nema shi ne in gane makon da ƙwayoyin jikin albasa ke fara yoyo, tun ido bai ga ruɓa ba. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, kowace da 'yar fatar da ke riƙe ruwanta. Akwai wani rini da ke manne wa fatar. In ka ɗora ta a ɗan gilashi, ka sa ƙarƙashin madubin ƙara girma mai haska shuɗiyar fitila, sai ta yi walƙiya kore shar, ka ga inda ta fara yagewa. Sai dai rinin nan ba ya shiri da haske. Rana cinye shi take, fitilar madubin ma cinye shi take a hankali, kana kallo yana dusashewa.

A shekara ta bakwai anka miƙo mani takarda daga makaranta: in ban kawo sakamako ba kafin ƙarshen zango, za a soke sunana. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, ba ta canza ba. Rinin da ya rage mani bai cika cokalin shayi ba, wata abokiyar karatu ce ta aiko mani daga ƙasar waje, kuma ta faɗa mani shi ke nan, ta bar wurin. Madubin sashenmu ya mutu tun ina shekara ta uku. Na wata jami'a ne mai nisa anka yi mani alfarmar wuni ɗaya, shi ma sai da Farfesan da ke duba aikina ya yi roƙo kamar zai durƙusa.

To, sai na tare a gida lokacin bazara, bayan an cire albasa. Kowane mako in ɗauko daga rudun Baba, in je Rabah wurin wani ƙanen Inna, in je Goronyo wurin wani dillali da ya yarda in riƙa shiga rumbunsa. Wata rana mota, wata rana kabu-kabu, wata rana a ce hanya ba lafiya a dakata, in zauna tasha ina jira. In na dawo sai in shiga ɗakin baya, in toshe taga da bargo, in ɓare fatar nan ta cikin albasa mai kamar yanar gizo, in ɗiga rini, in rufe. Zufa har cikin ido. Mako takwas, wuri uku, gilasai ashirin da huɗu. Wuta ba ta zama balle a yi maganar firiji, don haka na jera su cikin ƙaramin akwati, na naɗe da baƙar leda, na binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Inna ta tambaye ni sau ɗaya.

"Malama," haka take kirana in tana tsokana, "mi ag ga wanga akwati da kike ɓoyo kamar zinari?"

"Aiki ne, Inna. Kada dai kowa ya taɓa."

"Wane irin aiki?"

"Ba za ki gane ba."

Haka na ce mata, wallahi, ina sauri ina ɗaura ɗankwali. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Saura kwana biyu tafiyata jami'ar nan mai madubi na je Goronyo in yi wa dillalin nan godiya. Na dawo bayan azahar, rana kamar ta fasa kai. Ina shiga tsakar gida wani abu ya kashe mani ido daga saman rumfa. Faifai ne, gilasaina a jere a kai reras, kowane yana ƙyalli, an ba su tazara yadda Inna ke yi wa yankakken tumatir.

Ban san lokacin da jakata ta faɗi ba. Na ce innalillahi, na sake cewa, na taka turmi na sauko da faifan. Gilasan da zafi kamar an sauke su daga tanda.

Inna ta fito tana goge hannu, fuskarta a sake. "Randa ta tsage, ruwa ya shiga akwatinki. Na ce bari in shanya miki tun ba su yi funfuna ba. Tun hantsi suna nan, sun bushe sarai."

Ni mai zuciya ce, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce wa ya sa ki? Na ce ban ce kada a taɓa ba? Na ce kin kashe ni, Inna, kin gama da ni, shekara bakwai kin shanya a kan rumfa! Maƙwabta sun ji. Baba ya leƙo daga zaure, ya dube ni, ya koma. Inna ta tsaya riƙe da gefen zanenta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ban sani ba."

Na shiga ɗakin baya na zauna ƙasa. Na lissafa ta kowace fuska, babu ƙofa. Rini ya ƙare. Ko da akwai shi, makon farko na albasar bana ya wuce, ba ya dawowa sai baɗi, ni kuma ba ni da baɗi. Na kira Farfesa na faɗa masa, ya ce in tafi da su haka nan, ko Allah zai sa wani abu ya rage. Ko ƙidaya su ban yi ba, na zuba a akwati.

Da safen tafiya, ina bakin ƙofa, Inna ta biyo ni da wani ƙullin tsumma.

"Ga guda. Garin ɗauka ya suɓuce mani, gefensa ya tsage. Tsoro ya kama ni, na ɓoye shi cikin kwalla. Ki yafe mani."

Na karɓa ban dubi fuskarta ba. Na jefa a jaka na hau mota.

Ɗakin madubin ba shi da taga, ga sanyin na'ura, ga wani dattijo mai kula da wurin yana zaune gefe da agogonsa. Na ɗora gilashi na farko. Baƙi ƙirin. Na murɗa, na ƙara haske, na canza wuri, babu komi. Na biyu haka. Na Rabah haka, na Goronyo haka. Wajen na goma dattijon ya dube ni ya ce, "Hajiya, ko za ki sha ruwa?" Na ce a'a. Ina ɗorawa ina roƙon Allah a fili, ba kunya, ko ɗigo guda, ya Rabbi, ko ɗigo guda. Ashirin da uku, duk duhu.

Sai na tuna da tsumman. Na kwance shi, ƙanshin daddawar kwallar Inna ya bugi hancina. Na ɗora tsagaggen gilashin, na kunna fitila.

Kore! Ƙwayoyi a jere kamar fangalin fadama, kowace da iyakarta tana haske, ga wasu can gefe sun fara yagewa, daidai abin da na shekara bakwai ina cewa yana nan. Na yi ihu, dattijon ya miƙe. Ya ce, "Ɗauki hoto, ɗauki, yana tafiya!" Na danna. Kafin in gyara in ɗauki na biyu koren ya fara yin fari, ina kallo ta cikin hawaye har ya mutu.

Hoto ɗaya na kai gaban kwamiti. Sunka yaba kyansa, sunka ce gilashi ɗaya ba ya zama hujja, kuma gaskiyarsu ce, ni ma da ina kujerarsu haka zan ce. Farfesa ya nemi a ƙara mani shekara, ba a ba shi ba. Kafin damina ta tsaya an soke sunana.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa Wurno. Na tarar da Inna a rumfa tana tsinkar ganye. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komi, ya wuce, ba ta ko bari na ƙarasa ba. Na fiddo hoton da na wanko na miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe.

"Wanga shi ne cikin albasa?"

"Shi ne, Inna. Wanda kinka ɓoye."

"To mi ya sa shi ya yi, sauran ba su yi ba?"

Na zauna kan tabarma na yi mata bayani, karo na farko a shekara bakwai. Na faɗa mata rini ne, kuma rana na cinye korensa. Ban kai ga jimla ta huɗu ba ta ɗaga hannu, ta nuna mani faifan da ke can ƙuryar rumfa, inda rana ba ta kaiwa.

"Kamar kuka ke nan. Ai ita ma a inuwa nike shanya ta, don kada korenta ya tashi." Ta sake duban hoton, ta dube ni. "Ke kuwa, mi ya hana ki faɗa mani?"