Tulun da Aka Ce Ya Tsage

Abin nan ya faru ne bayan shekarar da Binuwai ta cika ta shiga gidajen bakin gada, kafin auren autata, lokacin haƙorana na gaba suna nan daram. Ban shiga lekol ba, ban iya boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma ban yarda a gyara mini magana ba.

Ni mai tukwane ce. Shekara da shekaru ina saro tulu da randa a Ngong ina kaiwa kasuwar Garuwa, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san kunnena. In na ƙwanƙwasa tulu da zoben nan nawa, zan gaya miki ko ya gasu ko yana da tsagar da ido ba ya gani. Mai lafiya garau yake amsawa, mai tsaga kuwa muryarsa a mace take. Har daga Tcholliré mata ke aikowa in zaɓa musu. To, wannan yabon ne ya kai ni kurkuku.

Akwai wani dillali mai rumfa a bayan tawa, ana ce masa Sali. Wata Laraba da hantsi ya kira ni ciki, ya kwance wani tsumma. Sai ga ƙananan bindigogi uku, kowacce ba ta fi tafin hannu ba. Ya ce wani mai shanu ne ke so saboda masu tare hanya, yana neman wadda ba za ta ƙi tashi ba, wadda kuma riga za ta rufe ta, shi kuwa ya rasa ta ɗauka. Ya ce, "Dada, ke da kunnenki ba ya ƙarya, duba mana."

Da na ce ban san bindiga ba, da yau ba ni da labari. Amma tun ina yarinya kalmar nan take mini nauyi a baki. Na ɗauki baƙar, na ƙwanƙwasa, na kara a kunne. Na ɗauki mai ciki mai juyawa, na ce ta cika surutu. Ta ukun ƙirar maƙeran ƙauye ce, na ce ba ta gasu ba. Na zaɓi baƙar. Bayan sati biyu mai shanu ya aiko mini da turmin atamfa, wai ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sa'a ce zalla, ƙarfe ba yumɓu ba ne. Ni kuwa na ɗinka atamfata na shiga kasuwa ina taku ɗai-ɗai.

Daga zaɓe aka koma ɗauko. Sali ya ce ai ba wanda ke sauke motar tukwane, kowa na tsoron fashewa. Na riƙa tahowa da ɗaya-ɗaya daga Ngong a cikin tulu, ciyawa a kai. Ban taɓa tambayar hannun wa za su shiga ba.

Ranar da abin ya ƙare, direbanmu ya tsaya a shingen kontrol, jandarma ya leƙa, har ya ɗaga hannu mu wuce. Sai ga matar jandarman ta kawo masa abincin rana, ta hango kayana, ta ce tana son tulu. Ta bi su tana ƙwanƙwasawa, hannunta ya sauka a kan wancan mai bindiga a ciki. Ya amsa dum.

Ta ce, "Dada, wannan ya tsage."

Abin da ya kamata in ce shi ne ta ɗauki wani. Amma fasinjoji sun ji, wata har ta yi dariya.

Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ƙwanƙwasa tulu."

Na fizge shi, na kife don in nuna mata gindinsa. Ciyawa ta zubo, bindiga ta biyo ta, ta faɗi gaban takalmin mijinta. Ni kuwa abin da ya fito bakina shi ne, ai ga shi nan, ba tsaga. Jandarman ya karɓi tulun, ya ƙwanƙwasa da mabuɗi, ya amsa garau.

Ya ce, "Gaskiyarki, Dada. Sauko."

A tiribinal, gaban alƙali, dariyar ta ƙare mini. A can na ji cewa ɗaya daga cikin waɗanda na zaɓa ita aka harbi Bulus da ita a hanya, direban da ya yi shekaru yana ɗora mini tukwane ba ya fasa ko ɗaya. Bai mutu ba, amma ƙafarsa ba ta koma daidai ba. Shekara huɗu na yi a kurkuku. Aka yi auren autata ba ni, wata ce ta zaɓa mata randa. Na tuba, na kuma roƙi Bulus gafara da bakina ranar da na fito.

Ku yara, maza da mata, in an kira ku bayan rumfa an fara yaba muku kafin a kwance tsumma, ku tashi. In ba ku san abu ba ku ce ba ku sani ba, ba a ɗaure kowa a kan haka.

Sali ya rasu, mai shanu ya rasu, jandarman ma na ji ya riga mu. Matarsa tana nan Garuwa, har yau a wurina take sayen tulu, kuma sai ta kife shi tukuna. Bulus ma yana nan. In ya zo wucewa da sandarsa yakan ce, "Dada, ina kunne?" Sai in ce masa yanzu na tukwane ne kawai.