Ranar da Wuta Ta Ɗauke Mana a Jirgin Yamai

Maijirgi zuwa Maraɗi

Ana sallame asuba na hau amalanken jakin maƙwabcinmu, da ƙullin tufafina da ƙwaryar daddawa. Shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, soja na mulki, kowa na cin jar dawar taimako. Ɗiyata Rabi ta haihu a Yamai, ɗan farina kuwa, mataimakin matuƙin jirgin sama, ya aiko in zo Maraɗi in bi jirginsu. Kada ku jira in faɗi sunansa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta yi gaban mutane.

A Tasawa na shiga motar Maraɗi. Wajen Gazawa jandarma suka sauke mu duka, ɗaya ya buɗe ƙwaryata ya toshe hanci.

"Ina za ki da wannan, Inna?"

"Yamai, cikin jirgin sama."

Ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. Na ce yi abinka, yaro. Na kwana gidan ƙanwata a Maraɗi, muka sha fura ba nono.

Cikin jirgi

Da hantsi muka tashi. Kusa da ni wata Hajiya Delu ce, 'yar kasuwar Maraɗi, bakinta ba ya hutawa. Mun wuce Ƙonni ke nan sai fitilu suka yi ƙyaf-ƙyaf suka mutu, iskar da ke hura mu ta tsaya. Wani ya sa salati, jirgi ya ɗauka.

Yarinyar da ke raba mana shayi ta tsaya tsakiya ta ɗaga murya, don abin maganarta ma ya mutu.

"Ku saurara! Injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, ya lalace, amma masu tura jirgi lafiyarsu lau. Matuƙa ne suka kashe fitilu da sauran kaya da gangan, don ɗan abin da ya rage a batir ya ishi rediyo. Kowa ya ɗaura ɗamarar kujerarsa."

Muryarta ko rawa ba ta yi. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana jan ɗamara. Jirgi ya yi ƙasa-ƙasa har ina ganin kwalta da busassun gonaki. Ashe titin matuƙa suke bi da ido ya kai su Yamai.

Da kogin Yamai ya bayyana, ƙofar gaba ta buɗe, sai ga ɗan farina, riga jiƙe da zufa. Ƙafafun jirgi ba su fita sai da kuran, dole a sauke su da hannu. Ya durƙusa daidai ƙafafuna, ya ɗaga wani murfi a ƙasa, ya kama ƙarfe yana murɗawa. Babban matuƙi yana tambaya daga gaba, shi yana amsawa, ba mai gaggawa. Ran kowa a jirgin nan yana cikin hannun yaron da na yi wankan jegonsa na goya shi, ni kuwa taga nake kallo. Shi ma bai ɗago ba. Muka ji wani gum a ƙarƙashinmu, ya ce, "Sun kama!" ya koma.

Yamai

Rediyo ya mutu kafin mu iso, aka ce koriyar fitila aka haska musu daga hasumiya alamar su sauka. Muka dira, jirgi ya yi tsalle sau ɗaya ya lafa. Motocin soja suka kewaye mu, bindigogi a hannu, don jirgin da ya zo ba magana a zamanin nan abin tuhuma ne. Babban matuƙi ya sauka ya yi musu bayani, suka sauke bindigoginsu.

Hajiya Delu ta riƙe hannuna tana hawaye.

"Baiwar Allah, yaron nan ɗan wace ne? Allah ya yi wa cikin da ya ɗauke shi albarka!"

Ƙirjina kamar ya fashe. Na gyara lulluɓi na ce, "An ce ɗan wajen Tasawa ne."

Da yamma ya zo gidan Rabi ya durƙusa bakin ƙofa. "Inna, kin sha tsoro?" Na juya ina yi wa jaririya wasa, na ce, "An dai gode Allah."

Komawa gida

Bayan suna da 'yan makonni na komo ta mota, da magariba na shiga Maijirgi. Labari ya riga ni. Mata suka cika tsakar gida, ƙawata Hassu ta rangaɗa guɗa tana kiran sunansa da ƙarfi, sau uku, har bayan gari ana ji. Na ce, "Ke Hassu, mi ne ne haka? Aikinsa ne fa ya yi." Na shige ɗaki na saki labule, na zauna bakin gado na yi kukana na daɗi, ina roƙon Allah kada ta yi shiru.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hassu da ta ara mini bakinta.