Albasar Mahaifina da Muryar Lawali

Ba zan faɗi sunana ba, domin iyayena suna raye, kuma abin da na jawo musu ya ishe su. Kafin a san ni da laifi, an san ni da karatu. An haife ni a wani ƙauye na yankin Dogarawa, a gidan manoman albasa, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na bi lakwal, wato makarantar boko, har na kai jami'a. Na dawo da takardar shaida, na jira aikin buro, wato na ofis, har na gaji da jira. Daga ƙarshe na kafa tebur a tashar Malbaza, ina gyaran wayar salula, ina yi wa mutane caji, ina buɗe wa waɗanda ba su iya karatu ba shafukan sada zumunta. Kowa yana kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta, ko da yake ban taɓa koyar da kowa ba.

Ina da abokin wasa, ɗan goggona, mai suna Lawali. Tare aka sa mu lakwal, amma shi tun yana ƙarami ya gudu, ya girma a kan babur yana kabu-kabu tsakanin Konni da Malbaza, wani lokaci har hanyar Illela. Yana ɗaukar direbobi da dillalai da 'yan kasuwa, yana jin abin da suke faɗa. Sai ya ɗauki wata al'ada: kowace safiya yakan tura saƙon murya a zauren waya na manoman yankinmu. Yakan fara da sallama, ya faɗi ranar da ake ciki da wurin da yake tsaye, sannan ya faɗi abin da idonsa ya gani. Lokacin da aka rufe iyaka, manyan motoci suka daina wucewa yadda aka saba, jita-jita ta yi yawa, saƙon Lawali ya zama abin da manoma suke dogara da shi. Idan bai gani ba, yakan ce bai gani ba.

A nan ciwona ya fara. A fadarmu, inda muke shan shayi da yamma, ni ne mai bayani. Ni nake fayyace musu dalilin da ya sa kuɗin intanet yake da tsada a wurinmu, da dalilin da ya sa mutanen bakin iyaka suke riƙe layi biyu, namu da na Najeriya. Ni nake yi musu sharhi a kan dokar laifukan intanet, ina cewa an yi ta ne domin a rufe bakin talaka. Amma ina tsakiyar magana sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ku saurara, Lawali ya turo!" Nan take kowa ya juya mini baya, a kewaye waya guda kamar an kawo abinci.

Na gwada yin nawa saƙonnin. Nakan zauna in tsara su, in zaɓi kalmomi, in maimaita har sai sun fito sumul. Wata rana wani maƙwabcinmu ya ce mini, "Mushe, saƙonka ya cinye min kiredi ban kai ƙarshenshi ba." Aka yi dariya. Lawali yana zaune a kan babur ɗinsa, ya ce, "Ku bar min bawana ya huta. Shi labarin littafi gare shi, ni na kasuwa. Ranar da albasa ta fara karatu, shi za ku nema." Wasa ne irin na taubasai, kuma ina da damar ramawa. Ban rama ba. Na yi murmushi, na ajiye maganar a zuciya.

Da a fada abin ya tsaya, da na jure. Amma har cikin gidanmu ya bi ni. Mahaifina yakan dawo daga masallaci da safe, ya zauna a kan tabarma, ya kara waya a kunne yana gyaɗa kai. Idan na ba shi shawara a kan lokacin sayar da amfanin gona, sai ya ce, "To, madalla. Bari dai mu ji mi Lawali ya gani." Shi ya sayar da tumakinsa ya biya mini karatu, amma ɗan ƙanwarsa da ya gudu daga lakwal yake saurara. Ban taɓa jin ya ce "ɗana ya ce" a gaban mutane ba. "Lawali ya ce" kuwa, na ji ta har ta zame mini kamar ƙaya a cikin takalmi.

A teburina, mutane suna miƙa mini wayoyinsu a buɗe, su tafi cin kasuwa. Da yawansu ni na zaɓa musu lambar sirri, domin ba sa iya riƙe ta. Da farko leƙe kawai nake yi, in ga hotuna, in saurari abin da ba a turo domina ba. Daga nan na fara tura ɗan kiredi, wato kuɗin waya, daga layin mutum zuwa nawa, kaɗan yadda ba zai lura ba. Daga nan na fara cire batir mai kyau in sa tsoho. Duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni, nakan ce mata ai mutanen nan ba su san darajata ba, wannan ɗan abin haƙƙina ne. Babu wanda ya kama ni, kuma rashin kamun ya koya mini cewa duk abin da aka yi a cikin waya ba ya barin sawu.

Ga wanda bai san noman albasa ba, sai in yi ɗan bayani. Idan an cire ta da bazara, farashinta a ƙasa yake, saboda haka mai haƙuri yakan zuba ta a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa ta. A nan take zama har ta yi daraja. Amma idan aka buɗe rudu, aka ɗura ta a buhu, aka ɗinke baki, to lallai a sayar da ita da wuri. Albasar da ta shiga buhu ta sha zafi da laima ba ta komawa ajiya.

A farkon wata damina, wani dattijo mai suna Baba Nomau ya kawo mini wayarsa, ya ce ba ta fitar da murya sosai. Ina gwada ta sai na ci karo da wani tsohon saƙon Lawali na shekarar da ta gabata, ranar da masu saye suka iso da manyan motoci. A ciki yana cewa motoci sun tsaya a bakin titi, ana neman albasa ruwa a jallo, mai ita ya fito da ita. Na saurare shi, na sake saurare. Sai na ga cewa idan aka yanke farkonsa, inda ya faɗi rana da wuri, babu abin da zai nuna cewa ba na yau ba ne.

Ina so ku fahimci abin da na nufa, domin a nan wautata take. Ban yi niyyar ɓarna mai yawa ba. Na tsara cewa saƙon zai bazu, ni kuma in tashi in ce ƙarya ne. Idan motoci ba su zo ba, kowa zai tuna cewa Mushe ya faɗa, Lawali ya ɓata. Mahaifina zai tsira da albasarsa saboda ya bi maganata, ya kuma faɗi haka a gaban jama'a. Na kwashe saƙon zuwa wayata na yanke shi, na tura shi zauren manoma daga wayar dattijon, na mayar masa da ita na ce ta gyaru.

Kafin in isa gida, labari ya riga ni. Na tarar da mahaifina yana kwance igiyar rudu. Na ce, "Baba, kada ka buɗe. Wannan labarin ba gaskiya ba ne."

Ya ce, "Kai ka je bakin titin?"

Na ce ban je ba, amma na sani.

Ya ce, "Ta yaya ka sani?"

Idan na faɗa masa gaskiya, na tona wa kaina asiri. Ya dube ni ya ce, "Wanga muryar Lawali ce, kuma yaron bai taɓa yi min ƙarya ba. Kai dai ba ka son a ce shi ya faɗa. Kamo bakin buhu."

Na kama bakin buhu. Da hannuna na ɗura albasar da na san babu mai sayenta. A lokacin ma, abin da ya fi cina shi ne yadda ya zaɓi muryar Lawali a waya ya bar ni ina tsaye a gabansa. Har na ce a raina, to, ya je ya gani.

A ranar, Lawali yana can wani ƙauye mai nisa inda babu rezo, waya ba ta shiga. Kafin ya dawo ya ƙaryata, amalanke sun riga sun jera buhuna a bakin titi. Mutane suka zauna suna duban gabas da yamma. Motoci ba su zo ba, ruwan sama ne ya zo. Bayan 'yan kwanaki wari ya tashi, wanda duk mai wucewa sai ya toshe hanci. Na ga dattawa suna zazzage buhu suna tsintar wadda ta rage. Na ga mahaifina a cikinsu, hannunsa duk ruwan ruɓa.

Manoma suka kai ƙara, jandarma suka kama Lawali. Ya ce musu muryarsa ce, amma ba bana ya yi maganar ba. Na zaci yanzu mahaifina zai juyo gare ni. Sai na ga ya sa babbar rigarsa ya tafi tsaya wa Lawali, yana cewa ko da albasarsa duka ta ruɓe, shi bai yarda yaron ya yi da gangan ba. Da ya dawo na ce, "Baba, ai na faɗa maka." Ya ce, "Ka faɗa." Wannan shi ne duk ladan da na samu.

Na ɗauka ba za a gano tushen saƙon ba, amma na manta da irin mutanen da nake zaune a cikinsu. A wurinmu ba a sauraren saƙo a ɓoye. Ana kunna shi a majalisa, kowa ya ji, kowa ya san daga wayar wa ya fito. Jandarma ba su buƙaci wata na'ura ba, tambaya kawai suka riƙa yi har suka isa ga Baba Nomau. Dattijon ya ce, "Ni sauraro kaɗai na iya, ban san inda ake taɓawa a tura ba. Ranar nan wayata tana wurin Mushe." Da suka buɗe wayata suka tarar da guntun da na yanke. Daga nan sauran suka biyo baya, masu batir da masu kiredi, kowa ya tuna nasa.

An yi mini shari'a da dokar nan da nake zagi a fada. Har yau ina ganin akwai wuraren da ya kamata a gyara a cikinta, domin mai faɗin gaskiya ma yana iya faɗawa hannunta, kamar yadda Lawali ya kwana a tsare ba da laifinsa ba. Amma ni ba a zalunce ni ba. Na yi zaman gidan kaso a Konni. Mahaifiyata takan aiko da abinci, mahaifina bai zo ba. Lawali ne yake kawo kwanon a kan babur ɗinsa. Ina jin kunyar faɗa, amma ko a wannan halin, idan na ga yadda masu gadi suke gaishe shi da fara'a, sai in ji tsohon ciwon ya motsa.

Da aka sake ni, na je gidansu na durƙusa. Ya ce, "Tashi, Mushe, bawa ba ya durƙusa wa ubangidansa da sabon wando." Sannan ya daina dariya ya ce, "Ni na yafe. Amma akwai mutanen da har yau in na turo saƙo sai su ce wa ya sani ko na bara ne. Su ba su ji daga bakinka ba." Ya miƙo mini wayarsa.

Na yi sallama, na faɗi rana da wurin da nake tsaye, na faɗi abin da na yi ba tare da na yi masa ado ba. Ya tura. An saurare shi daga Konni har Illela. Da na koma gida na tarar mahaifina ya riga ya ji. Ya ce in ɗauki fartanya, gobe akwai aiki a fadama. A can nake har yanzu, domin babu mai sake miƙa mini waya a buɗe.

Ya ku matasa, musamman ku da kuka yi karatu kuka dawo gida babu aiki, na san abin da kuke ji idan aka yaba wa wanda kuke ganin kun fi shi. Kada ku raina wannan jin, kuma kada ku ba shi wurin zama. Wayar da aka ba ku amana, ku mayar da ita yadda aka ba ku. Saƙon da ba ku san ranarsa da tushensa ba, ku bar shi ya mutu a hannunku. Idan kuma kun ga an fi sauraren wani, ku tambayi kanku abin da yake yi kafin ya buɗe baki. Lawali yana zuwa ya gani, ni ina zaune ina son a yarda da ni. Ina roƙon Allah Ya gafarta mini, Ya mayar wa waɗanda na cuta da alheri. Ku kuma ina roƙon ku da ku tsaya tun a leƙen farko, domin daga ranar da na saurari saƙon da ba nawa ba, ban sake samun wurin tsayawa ba sai a gaban alƙali.