Yatsan Alhusaini

Ni Dela tuwo nake saidawa bakin kasuwar dabbobi ta Dakoro, kuma rumfata jingine take da butik ɗin Alhusaini mai gyaran salula. In na ba ku labarinsa, to ba ji na yi ba, gani na yi.

Ɗan makiyaya ne. Iyayensa sun gangaro daga arewa shekarar da fari ya cinye masu dabbobi, suka zauna wajen Ajekoriya suna noma ba don suna so ba. Shi dogo ne, siriri, magana kuwa sai ka roƙe shi. Ka gaishe shi da safe, amsar sai hantsi. Ya koyi gyara a Maradi, ya dawo da tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da haƙurin da ni dai Allah bai ba ni ko rabinsa ba.

Samarinmu da ke ci-rani Aljeriya da Libiya, a da direbobi suke ba saƙon kuɗi, wani ya iso, wani ya bi iska. Sai suka koma aikowa da kirifto, kuɗin nan na intanet. Alhusaini ke karɓa ya canza wa iyaye zuwa sefa, wasu kuma su ce a aje masu sai sun dawo. Da fari duk ajiyar cikin wata jaka take, wadda ke buɗewa a shafin intanet na ordinater. Rannan ya ji an kwashe wa wani irin wannan jaka tas, mutumin yana zaune bai taɓa komai ba. Alhusaini ya saida motonsa, wato babur ɗinsa, ya sa aka kawo mashi wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba, mai ɗan gilashi da maɓalli biyu.

Na ce, “Kai Alhusaini, moto guda ka ba da don wannan? Ko tukunya ba ya rufewa!”

Ya ce, “Iya Dela, makullin ajiyar mutane yana cikinsa, kuma ba ya fita. Ordinater roƙo kawai take iyawa. Sai na jona shi da waya, ya rubuta abin da ake shirin yi bisa gilashinsa, in an yarda a danna maɓallan nan biyu tare. In ba a danna ba, ko wa ya shiga ordinater sai dai ya yi kallo.”

Ranar ce na ji ya yi magana mafi tsawo. Ya kai wa baduku aka ɗinka wa abin gidan fata, ya rataya a wuya. Har yau akwai tsofaffin da ke rantsuwa laya ce.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne dokar da ya kafa wa kansa. Ba ya danna maɓallan shi kaɗai. Ya ce a kasuwar shanu ba a gama ciniki sai hannu ya kama hannu, don haka mai kuɗi ya sa yatsa bisa ɗaya, shi bisa ɗaya. Kafin nan sai ya karanta maka abin da ɗan gilashin ya rubuta, a hankali, ko kana sauri ko motarka za ta tashi. Mutane su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Cikin masu ajiya akwai Zakiru, ɗan ƙawata Uwale, wanda ke aikin gini a Tamanrasat. Shi kaɗai gare ta. Duk guminsa yana cikin ɗan ƙarfen nan, yana tarawa don ya saya mata saniya, don tun rasuwar mijinta nonon wasu take saye ta saida.

Wata ranar kasuwa sai ga Uwale ba ko takalmi, salula a hannu. An rubuto daga lambar Zakiru cewa ya faɗo daga bene, yana kwance gidan likita, ba ya iya magana, kuma ba za a taɓa shi ba sai an biya. An haɗo da wani adireshin intanet, an ce a shiga nan a biya da sauri.

Alhusaini ya kira lambar, ba a ɗauka ba. Ya buɗe shafin, ya jona ɗan ƙarfen, ya sa lambar sirrinsa. Shafin ya nuna kuɗin likita, ba su ma da yawa. Uwale ta ɗora yatsa bisa maɓallinta. Shi kuwa ya duƙa yana karanta ɗan gilashin, ya sake karantawa, sai ya janye hannunsa.

Ya ce, “Inna, babban gilashi na ordinater ya ce kuɗin magani. Ƙaramin ya ce in ba wani izni bisa ajiyar Zakiru duka. Ba magana ɗaya suke ba. Ba zan danna ba.”

Wayyo! Uwale ta danna nata, ta danna, ta danna, abu ya ƙi. Ta ce, “Ɗana, don Allah, don iyayenka! Kuɗinsa ne, ransa ne! Su ɗauke duka mana!” Da ya ƙi, sai roƙo ya koma zagi. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da wannan yatsa nasa. Mutane suka taru, wani ya ce dama cin amana yake shiri, wani ya ce a kira jandarma. Ni ma na jefa mashi tawa, kuma kada wanda ya ce in yi nadama, uwa ce ke kuka gabana.

Na dubi fuskarsa, wallahi zufa ke zuba. Ya san in da gaske yaron na kwance, kuma ya cika saboda jinkiri, ba shi ba zama Dakoro har abada. Duk da haka bai danna ba. Ya zare abin ya maida wuya, ya shiga neman Samba a salula, wani ɗan Kornaka da ke Tamanrasat. Rezo, wato layin salula, na zuwa yana ɗaukewa. Da ya same shi ya ce, “Je ka gano Zakiru da idonka. In yana likita ka biya, ni zan maida maka, ko butik zan saida.”

Uwale ta zauna rumfata, tuwo na gabanta har ya sandare. Ba wanda ya shiga butik ɗin yinin nan. Shi ma bai gyara ko salula ɗaya ba, yana zaune riƙe da abin wuyansa.

Bayan la'asar salularsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya taso ya miƙa wa Uwale. Har daga inda nake na ji muryar.

“Inna, ni ne. Lafiyata lau, siminti nake kwaɓawa. Salulata aka sace.”

Ta zube ƙasa, ni ma sai ga ni ina kuka da ludayi a hannu. Masu cewa a kira jandarma kuwa suka sulale, ko kunya babu. Alhusaini ya koma ciki ya ci gaba da kwance wata salula.

Da kaka Zakiru ya dawo, aka yi cinikin saniya ja mai ciki. Ranar fidda kuɗin ya ce innarsa ce za ta danna. Alhusaini ya jona abin, ya karanta a hankali yadda ya saba, wannan karon ba mai tsaki. Suka danna tare. Da zai janye hannu sai Uwale ta riƙe yatsan nasa gam, ta daɗe ba ta sake ba.

Ta ce, “Wannan yatsa na yi wa Allah ya isa gaban mutane. To gaban mutane na janye. Allah ya raba shi da wuta, ɗana.”

Alhusaini ya sunkuyar da kai ya ce, “Amin, Inna.”